An ɗaure shi kan kisan da bai yi ba: ta wace ƙofa zai fita?

Malam Isiyaku:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Idan kotu ta kama mutum da laifin kisan kai alhali bai aikata ba, sai ka ji danginsa na cewa "ai za mu ɗaukaka ƙara, can gaskiya za ta yi halinta." A zatonsu za a sake kiran shaidu ne a saurari komai daga farko. Ina roƙon lauyoyinmu da masana su warware mana: mene ne kotun ɗaukaka ƙara take dubawa, kuma ta ina marar laifi yake samun fita?

Barista Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila da Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a. Shari'ar da aka riga aka yi ita take yi wa shari'a. Alƙalai ne, galibi uku, zaune da kundin abin da ya gudana a kotun farko: bayanan shaidu, takardun da aka karɓa, inda lauyoyi suka yi suka, da hukuncin. Ba su ga fuskar mai shaida ba, ba su ji yadda muryarsa ta yi rawa ba. Don haka ba sa taɓa abin da kotun farko ta gaskata sai idan ya fito fili cewa babu mai hankalin da zai gaskata shi. Ka je ka ce musu "mai shaidar nan ƙarya ya shara", sai su ce wanda ya gan shi ido da ido ya yarda da shi.

Abin da suke saurara shi ne kuskuren doka. An karɓi iƙirarin da aka tatsa da duka ko barazana. An hana wanda ake tuhuma kawo shaidarsa. Alƙali ya karkatar da nauyin hujja, ya zama shi ne zai tabbatar da bai yi ba, maimakon masu gabatar da ƙara su tabbatar ya yi. Ya ce yana wani wuri lokacin da aka yi kisan, aka tsallake maganar ba a auna ta ba. Inda ake amfani da juri, wato mutanen gari da ke yanke ko an yi laifi, alƙali ya yi musu bayanin doka a karkace. Ko kuma hujjar gaba ɗayanta, ko an ɗauke ta yadda masu ƙara ke so, ba ta kai ta ɗaure mutum ba. Wannan na ƙarshe kowa na son sa shi, amma shi ya fi wuyar ci.

Alhaji Sule Magatakarda:
Barista, kafin a kai ga dalilai, a fara da agogo, don nan ne ƙararraki da yawa ke mutuwa tun ba a haife su ba. A Ingila kwana 28 ne daga ranar da aka kama mutum da laifi. A kotunan tarayyar Amurka kwana 14 ne daga shigar da hukunci. Kowace ƙasa da nata, wani lokaci ma wa'adin mai hukuncin kisa ya bambanta da na mai ɗauri, don haka abu na farko shi ne a buɗe dokar wurin a ƙirga kwanaki. A shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi ko da dalilai biyu ne kacal a ciki, a nemi izinin ƙara wasu bayan kundi ya fito. Wanda ya tsaya jiran kwafin hukunci ko jiran dangi su haɗa kuɗin lauya, ya koma neman ƙarin wa'adi, kuma a nan sai ya yi bayanin jinkirin da takardar rantsuwa, ya kuma nuna cewa ƙarar tasa tana da ƙwari. Alfarma ce kotu take yi, tana iya hanawa.

Sai kundin kansa. A zauna a bi shi shafi-shafi a gwada da abin da lauyan farko ya rubuta a nasa littafin. Ana samun shafukan da suka ɓace, bayanin mai shaida da aka taƙaita, sukar da lauya ya yi amma ba ta shiga ba, hoton da aka karɓa a matsayin shaida amma babu shi a ƙunshin. A wurin alƙalan sama, abin da babu shi a kundi bai faru ba.

Auwal:
Barista, don Allah, idan an nuna kuskuren a fili, shi ke nan an soke hukuncin?

Barista Rabi:
Ina! Shinge biyu ne a gaba, Auwal. Na farko, lauyanka ya yi suka a lokacin? Idan aka miƙa takardar iƙirari ya yi shiru, sai a ce ya yafe, kuma tayar da sabuwar magana a sama sai da izini ko kuskuren ya zama mai girman gaske. Na biyu, ko an yarda an yi kuskure, kotu za ta tambaya: da ba a yi shi ba, sakamakon zai sauya? Idan ta ga sauran hujjoji sun isa, sai ta ce kuskure ne marar illa, hukunci na nan. A Ingila tun gyaran dokar 1995 tambaya ɗaya ce: hukuncin nan abin dogaro ne ko kuwa? Shi ya sa aikin lauya bai ƙare a nuna kuskure ba, sai ya nuna cewa kuskuren ne ginshiƙin da ɗakin ya tsaya a kai.

Kuma ina jan kunnen masu jera dalilai ashirin. Uku masu ƙarfi sun fi. Idan alƙali ya karanta goma na banza, na sha ɗaya mai kyau ma da idon raini zai kalle shi.

Barista Ɗanladi:
Bari in shigo ta ɗaya gefen, don kada zaure ya ɗauka alƙalai mugunta suke yi. Dole shari'a ta zo ƙarshe wata rana. Akwai gawa, akwai iyalin da aka kashe wa mutum, kuma kusan duk wanda aka ɗaure cewa yake bai yi ba. Bayan shekara ashirin shaidu sun mutu, waɗanda suka rage sun manta. Idan aka bar ƙofa a buɗe, mai laifin gaske zai jira lokaci ya cinye hujja sannan ya nemi a sake. Tsaurin nan da dalilinsa.

Barista Rabi:
Babu musu, abokin aiki. Sai dai ka dubi abin da tsaurin yake haifarwa idan kuskuren ba ya cikin kundi. Stefan Kiszko, ma'aikacin ofishin haraji a Ingila, an ɗaure shi a 1976 kan kisan wata yarinya 'yar shekara 11, bayan ya amsa laifi a hannun 'yan sanda ba tare da lauya ba. Ya ɗaukaka ƙara, aka kore ta a 1978, kuma bisa abin da ke gaban alƙalan ba za ka ce sun kauce ba. Abin da ba su sani ba shi ne, maniyyin da aka samu a tufafin yarinyar yana da ƙwayoyin haihuwa, shi kuwa Kiszko yana da larurar da ta sa jikinsa ba ya samar da su kwata-kwata. Sakamakon gwajin yana nan tun farko, ba a kai shi kotu ba. Sai 1992 aka soke hukuncin, ya rasu a shekarar da ta biyo, wanda ya yi kisan kuma sai 2007 aka kama shi da laifin. Yawancin waɗanda aka wanke sun faɗi a ɗaukaka ƙararsu ta farko, domin abin da zai wanke su yana cikin durowar wani.

Malam Isiyaku:
To ke nan maganar ta koma kan sabuwar hujja. Yaya ake shigar da ita tun da kin ce kundi kawai ake dubawa?

Barista Rabi:
Da izini na musamman, Malam, kuma sharuɗɗan sun yi kama da juna a ƙasashe da yawa. Sashe na 23 na dokar ɗaukaka ƙarar laifuka ta Ingila ta 1968 ya sa kotu ta auna abu huɗu: hujjar abar gaskatawa ce, tana iya zama dalilin soke hukunci, da an kawo ta a shari'ar farko da doka ta yarda a karɓe ta, sannan akwai gamsasshen bayani kan abin da ya hana a kawo ta tun can. Na huɗun nan ne ke kayar da mutane. Idan lauyan farko ya san da mai shaidar amma ya ga dabara ce kada ya kira shi, ba sabuwar hujja ba ce, tsohuwa ce da aka ajiye. Kotu ba ta yarda mutum ya gwada kariya ɗaya, ta faɗi, ya dawo da wata.

A Amurka hanyar ta fi sarƙaƙiya. Bayan ɗaukaka ƙara ta kai tsaye, akwai ƙarar bayan hukunci a kotun jiha, sannan ƙarar da lauyoyi ke kira habeas corpus, wato neman kotu ta duba halaccin tsare mutum, a kotun tarayya, wadda dokar 1996 ta sa mata wa'adin shekara ɗaya. Abin da zai ba ku mamaki, a shari'ar Herrera ta 1993 Kotun Ƙolin ƙasar ba ta yarda cewa da'awar rashin laifi ita kaɗai ta isa kotun tarayya ta ceci mutum ba, sai an haɗa ta da wani take haƙƙi da tsarin mulki ya hana. A shari'ar Schlup ta 1995 aka ce rashin laifi na iya zama mabuɗin ƙofar da ta rufe, idan aka nuna cewa da sabuwar hujjar, zai yi wuya a sami ɗan juri mai hankali da zai kama shi da laifi. Mabuɗi ne kawai. Bayan ka shiga, sai ka tabbatar da take haƙƙin.

Barista Ɗanladi:
Take haƙƙin da ya fi cin nasara kuwa iri biyu ne. Na farko ɓoye hujja. Tun shari'ar Brady ta 1963 a Amurka, wajibi ne masu gabatar da ƙara su miƙa duk abin da zai amfani wanda ake tuhuma. Ana tabbatar da abu uku: hujjar tana amfanarsa, an danne ta ko da gangan ko da sakaci, kuma tana da nauyin da zai iya sauya sakamako. Misalin da ake koyarwa shi ne Michael Morton na jihar Texas, wanda aka ɗaure a 1987 kan kisan matarsa. A fayil ɗin masu bincike akwai bayanin cewa ɗansu ɗan shekara uku ya gaya wa kakarsa wani dodo ne ya yi, babansa ba ya gida, akwai kuma maƙwabtan da suka ga wani mutum da koriyar mota yana zagaye bayan gidan. Ko ɗaya ba a ba lauyoyinsa ba. Ya fito a 2011 bayan kusan shekara 25. Mai gabatar da ƙarar, wanda a lokacin ya riga ya zama alƙali, an yanke masa kwana 10 a gidan yari, ya kuma rasa lasisinsa. Kwana goma. Ni da na kare tsauri ɗazu, wannan ban da abin cewa a kai.

Na biyu gazawar lauya. Ma'aunin shari'ar Strickland ta 1984 kashi biyu ne: aikinsa ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, kuma akwai yiwuwar gaske cewa ba don gazawar ba da sakamako ya bambanta. Kotuna na son su kira kowane sakaci "dabara", saboda haka a nemo gazawar da ba ta da fassara. Anthony Ray Hinton na Alabama, hujjar da ta kai shi layin masu jiran kisa ita ce wai harsasan da aka yi kisa biyu da su a 1985 daga bindigar mahaifiyarsa suka fito. Lauyansa ya zaci dala 1,000 ce iyakar abin da doka ta yarda a biya ƙwararre, alhali an riga an cire wannan iyaka, sai ya ɗauko wanda shi kansa ya san bai isa ba, mai ido ɗaya, aka yi kaca-kaca da shi a kotu. Rashin sanin doka ba dabara ba ne, haka Kotun Ƙoli ta gani a 2014. Da aka sake gwada harsasan, masanan gwamnati suka kasa danganta su da bindigar, aka sake shi a 2015.

Dakta Maimuna:
Tun da an zo kan gwaji, bari in sa baki, don mutane na ɗaukar DNA, wato ƙwayoyin gadon da ke bambanta jikin kowane mutum, kamar laya. Gwajin ba ya amfani sai an cika sharaɗi biyu: abin gwadawar yana nan, kuma abu ne da babu shakka makashin ne ya bar shi. Ƙazantar da aka kankare daga ƙarƙashin faratan mamaci, igiyar da aka shaƙe shi da ita, jinin da ba nasa ba a jikin makami, waɗannan suna magana. Amma guntun sigari a bakin titi, ko an ga ba na wanda aka ɗaure ba ne, masu ƙara za su ce kowa na iya yar da shi. A kisa da yawa, musamman na harbi daga nesa, babu abin gwadawa ma sam.

Matakin farko ba gwaji ba ne, wasiƙa ce. A rubuta wa 'yan sanda, da ɗakin gwaji, da asibitin da ya binciki gawa, da magatakardan kotu, a nemi kada a lalata komai, a kuma nemi kotu ta ba da umarni a kan haka. Idan aka ce "an ƙona", a nemi takardar da ta nuna ranar ƙonawa da sa hannun wanda ya yi. Sean Hodgson a Ingila, lauyoyinsa sun tambaya a 1998 aka ce musu kayan ba sa nan. Ashe suna ajiye. Da aka gano su bayan shekara goma aka gwada, ya fito a 2009, shekara 27 a ɗaure, kusan sha ɗaya daga ciki saboda amsar da wani ya bayar bai duba ba.

Yanayin ajiya ma abin dubawa ne. Tufa mai jini a busar da ita a sa a jakar takarda. Idan aka ƙulle ta da danshi a leda, fumfuna da ƙwayoyin cuta sun cinye abin da ake nema. A bi jerin hannayen da kayan suka ratsa, don giɓi ɗaya ya isa a ce an gurɓata. Idan samfurin kaɗan ne, a yi yarjejeniya a rubuce kafin a taɓa shi, domin gwajin yana cinye shi, kuma a bar rabi idan zai yiwu, tun da fasaha na ci gaba. Gashin da ba shi da saiwa galibi gwajin gadon uwa ake yi masa, wanda ke iya fitar da mutum amma ba ya nuna mutum ɗaya tak, don duk 'yan tsatson uwa ɗaya iri ɗaya suke. A kuma karɓi samfurin mamacin da na mutanen gidansa don a ware nasu. Nasara mafi ƙarfi ita ce idan aka sa sakamakon a rumbun bayanan DNA na hukuma ya faɗa kan wani. A shari'ar Morton, wani ƙyalle mai jini da aka tsinta kusa da gidan, wanda aka shafe shekaru ana jayayya kafin a yarda a gwada shi, ya nuna jinin matar tare da DNA na wani mutum dabam, aka kuma kama wannan mutumin da laifin.

Auwal:
Dakta, idan babu DNA fa, amma ƙwararren da ya ba da shaida ne ya yi kuskure?

Dakta Maimuna:
Nan aikin ya fi yawa yanzu. A 2015 hukumar FBI, mai binciken laifuka ta tarayyar Amurka, ta amsa cewa a cikin shari'o'i 268 da masananta suka ba da shaidar kwatanta gashi da madubin ƙara girma a kan wanda ake tuhuma, an sami maganganun da suka wuce abin da kimiyya ta yarda a 257. Shaidar tabon cizo, da tsofaffin alamomin da ake cewa suna nuna an cinna gobara da gangan, da ƙayyade lokacin mutuwa daga abincin da ke cikin tumbi, duk sun sha suka. Da na ƙarshen nan aka yanke wa Steven Truscott na Kanada hukuncin rataya a 1959 yana ɗan shekara 14, aka sassauta zuwa ɗauri, ba a wanke shi ba sai 2007.

Sally Clark, lauya ce a Ingila, an ɗaure ta a 1999 kan mutuwar jariranta biyu. Wani babban likitan yara ya ce yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta ninka ɗaya cikin 8,543 da kansa, kamar mutuwar biyu ba su da alaƙa, alhali 'yan gida ɗaya gado ɗaya da muhalli ɗaya suke da shi. Ku lura da wannan: kotun ɗaukaka ƙara ta farko a 2000 ta ga matsalar lissafin, amma ta ce sauran hujjoji sun isa. Abin da ya fitar da ita a 2003 takarda ce, sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayar cuta a jikin ɗa na biyu har cikin ruwan lakarsa, wanda likitan da ya binciki gawar bai bayyana ba. Don haka shawarata, kada a tsaya kan rahoton ƙarshe da aka karanta a kotu. A nemi takardun aiki na ɗakin gwaji, da hotuna, da gilasan da aka ɗora tsokar a kai, da duk gwajin da aka aika amma ba a ambaci sakamakonsa ba. Kuma kawo wani ƙwararre da kawai ya saɓa wa na farko ba ya wadatarwa, kotu za ta ce gardamar masana ce. A nuna ilimin kansa ya sauya, ko an ɓoye wani abu.

Malam Isiyaku:
Abin da ke ɗaure wa jama'a kai shi ne wanda ya amsa da bakinsa. Wa zai ce ya yi kisa bai yi ba?

Barista Rabi:
Da yawa, Malam. A cikin mutum 375 da DNA ya wanke a Amurka zuwa 2020, kusan kashi 29 cikin ɗari akwai iƙirarin ƙarya a shari'arsu, kusan kashi 69 kuma akwai mai shaidar gani da ido da ya nuna wanda ba shi ba. Gajiya, tsoro, ƙuruciya, raunin fahimta, da alƙawarin "ka sa hannu ka tafi gida." A shari'ar wasu mutum uku na birnin Cardiff a Birtaniya, ɗayansu, Stephen Miller, ya musanta fiye da sau 300 a tambayoyin da suka ɗauki kusan awa 13 kafin ya sallama. Abin da ya cece shi a 1992 shi ne an naɗi tambayoyin a kaset, alƙalan suka saurara da kunnensu. Iwao Hakamada na Japan kuwa kusan kwana 20 ana titsiye shi har ya amsa laifi, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968, aka sake shi a 2014, ba a wanke shi ba sai Satumban 2024.

Yadda ake rusa iƙirari: a jera shi gefe da gefe da abin da aka tarar a wurin kisan. Wane bayani ne a ciki wanda 'yan sanda ba su riga sun sani ba? Ya kai su ga makami ko wani abu sabo? Ina ya saɓa da rahoton likita? Idan kuskuren da 'yan sanda suka yi a farkon bincike ya bayyana a bakin wanda ake tuhuma, ka san daga inda maganar ta fito. A duba rajistar tsarewa: ƙarfe nawa aka fito da shi, ƙarfe nawa aka mayar, ya ci, ya yi barci, likita ya gan shi? Takardar kanta ma ana gwada ta. A shari'ar wasu mutum shida na birnin Birmingham a Ingila, na'urar da ke karanta shatar alƙalami a shafin ƙasa ta nuna ba a rubuta wasu bayanan a lokacin da 'yan sanda suka rantse an rubuta su ba, aka saki mutanen a 1991 bayan shekara 16.

Barista Ɗanladi:
Gargaɗi ɗaya kan mai shaidar da ya dawo ya ce ƙarya ya yi. Dangi na murna da wannan fiye da komai, kotu kuwa ta fi ƙyamarsa fiye da komai. Tambayarta ita ce, yaushe ya yi ƙaryar, da ko yanzu? Troy Davis na jihar Georgia, bakwai daga cikin manyan shaidu tara sun janye ko sun sauya maganarsu, duk da haka aka zartar masa da hukuncin kisa a 2011. Idan za a yi amfani da janyewa, kada ɗan'uwan fursuna ya je wurin mai shaida, ko kwabo kada ya shiga tsakani. Mai bincike mai zaman kansa ya je da wani shaida, a ɗauki bayanin da rantsuwa, a kuma nemo abin da zai tallafe shi daga waje, misali takardar da ta nuna an sassauta masa tasa tuhumar bayan ya ba da shaida. Haka ake yi da ɗan gidan yarin da ya ce "ya faɗa mini a ɗaki": a binciko sau nawa ya taɓa ba da irin wannan shaida, da abin da ya samu.

Alhaji Sule Magatakarda:
Idan duk matakan kotu sun ƙare fa? Ingila ta kafa hukumar sake duba shari'o'in laifuka, ta fara aiki a 1997, tana da ikon karɓo takardu daga hukumomin gwamnati ta mayar da shari'a kotun ɗaukaka ƙara idan ta ga akwai yiwuwar gaske a soke hukuncin. Ƙararrakin da take mayarwa kaɗan ne ƙwarai, ba su kai biyar cikin ɗari na masu nema ba, amma kusan biyu cikin uku na waɗanda ta mayar suna cin nasara. Na farko da aka soke ta hanyarta a 1998 shi ne hukuncin Mahmood Mattan, ɗan Somaliya ma'aikacin jirgin ruwa, wanda aka rataye a Cardiff tun 1952. Inda babu irin wannan hukuma, abin da ya rage galibi shi ne roƙon afuwa daga shugaba ko gwamna.

Auwal:
Afuwa ai ta wanda ya yi laifi ce, Baba Alhaji. Marar laifi ya karɓa?

Barista Ɗanladi:
Ni dai na ce ya karɓa ya fito, ya ci gaba da neman wankewa daga waje, matuƙar dokar wurin ba ta rufe masa ƙofa ba. Kathleen Folbigg ta Ostareliya an yi mata afuwa a Yunin 2023 bayan shekara 20, kotu ta soke hukuncin a Disamba. Wanda ya fi wuyar shawara shi ne tayin da ake yi a Amurka, mutum ya amsa laifi a takarda yana mai cewa bai yi ba, a sake shi nan take. Haka wasu mutum uku na garin West Memphis a Amurka suka fito a 2011 bayan shekara 18, ɗaya daga layin masu jiran kisa. Sun sami 'yanci, amma a idon doka masu laifi ne, kuma neman diyya ya zama da wuya ƙwarai.

Barista Rabi:
A nan na ɗan saɓa maka. Irin tayin nan yakan zo ne daidai lokacin da masu ƙara suka ga shari'arsu ta rushe, don haka kafin a ba da amsa a auna me ya rage a hannunsu idan aka koma kotu. Sai dai ba lauya ne ke kwana a kurkukun ba, mai shi ne zai zaɓa, kuma a gaya masa gaskiya cewa soke hukunci ba sallama ba ce kai tsaye. Kotu na iya sallamarsa ta wanke shi, tana iya mayar da laifin zuwa kisan da ba na ganganci ba, tana iya cewa a sake shari'a. Kirk Bloodsworth an soke hukuncin kisan da aka yanke masa a jihar Maryland, aka sake shari'a, aka sake ɗaure shi, sai DNA ya fitar da shi a 1993. Curtis Flowers na Mississippi sau shida ana gurfanar da shi kan tuhuma ɗaya kafin a janye ta a 2020. Saboda haka tun a rubutaccen jawabi lauya ya faɗi umarnin da yake nema, ya kawo dalilin da ya sa sake shari'a zai zama zalunci: tsawon zaman da aka riga aka yi, shaidun da suka mutu, da cewa in an cire gurɓatacciyar hujjar babu abin da ya saura.

Malam Isiyaku:
Diyya fa, tana biyo baya da kanta?

Barista Ɗanladi:
Ba ta biyowa, nema ake yi dabam. Texas na biyan dala 80,000 kan kowace shekarar da aka yi a ɗaure, wasu jihohin Amurka kuwa ba su da dokar diyya ma. A Ingila tun 2014 sai sabuwar hujjar ta nuna babu kokwanto cewa bai aikata ba, ma'aunin da ya fi na soke hukuncin tsauri nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawa ke fita hannu rabbana. Don haka kalmomin da kotu ta yi amfani da su a hukuncin sokewa suna da nauyi. "Ba a bi ƙa'ida ba" dabam, "hujja ta nuna ba shi ba ne" dabam, kuma lauya ya roƙi kotu ta faɗi na biyun a fili idan hujjar ta kai.

Alhaji Sule Magatakarda:
Ƙari kan wannan, ranar da aka soke hukunci a karɓi kwafin umarnin mai hatimi, fiye da ɗaya. Gidan yari ba ya sakin mutum da labarin rediyo, sai takarda ta iso, kuma za su duba ko akwai wata tuhumar da ke riƙe da shi. Daga baya ma da wannan kwafin ne za a bi a goge sunansa daga rajistar masu laifi, don ba kasafai ake gogewa ba sai an nema.